Tsohon Ƙarfe A Bakin Kogin Prasae

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Tailan ba. Sana'ata kayan gyaran mota, rumfata tana Ƙofar Ruwa, abin da ke kai ni Bankok kuwa tsofaffin injuna ne da giyabos, irin waɗanda ake jibgewa a kasuwar Siang Kong har su kai rufin shago. Wannan zuwan na gama sayayyata da wuri, sai wanda zai yi mini lodin kwantena ya shiga yi mini gobe, jibi. Ina zaune a masauki ina cin kuɗin ɗaki a banza, sai Alhaji ya leƙo. Ɗan unguwarmu ne, ya ba ni kusan shekara ashirin, harkarsa duwatsu masu daraja. Ya ce zai tafi Chanthaburi, inda kasuwar duwatsu ke ci daga Juma'a zuwa Lahadi, in taso in raka shi maimakon in zauna ina ƙirga silin.

Muka kama hanya ranar Alhamis da hantsi, cikin watan Mayu, zafi kamar ana dafa mutum a tukunya. Ba irin zafinmu ba ne mai busar da leɓe. Wannan jiƙa riga yake yi tun kafin ka kai bakin mota. Direban da Alhaji ya saba ɗauka, wani dattijo ɗan ƙasar mai ɗan guntun Turanci, ya bi da mu ta Chonburi ya yanki hanyar da ke faɗawa Klaeng, cikin lardin Rayong. Gonakin roba hagu da dama, ga rumfunan 'ya'yan itace a bakin titi, don lokacinsu ne. Alhaji ya kafa doka tun daga Bankok: duk wanda ya shigo masa da duriyan, wani ɗan itace mai tsananin wari, cikin mota, ya sauka ya bi ta a ƙafa.

Bayan mun wuce Klaeng kaɗan sai direba ya rage gudu ya fara kame-kame. Ashe uwargidansa ce ta yi masa saƙon kapi, wani kayan miya da ake yi da ƙananan jatan lande da gishiri a bar su su ruɓa, kuma wai na Pak Nam Prasae take so. Ya ce minti ashirin kawai, kuma akwai jirgin yaƙi a wurin da baƙi ke zuwa kallo. Alhaji ya dubi agogo ya ce, "To ai saƙon uwargida ba a wasa da shi. Mu je."

Pak Nam Prasae tsohon garin masunta ne, a daidai inda kogin Prasae ke zuba cikin teku. Gidajen katako a jere, lungu matsattse, kwale-kwale masu fenti kala-kala a ɗaure. Da direba ya buɗe robar kapin don in sansana, nan take na tuna da daddawa: a hanci abin gudu, a miya abin nema. Muka bar shi yana ciniki, muka taka zuwa bakin ruwa.

Daga nesa na ɗauka wani dogon gini ne mai launin toka. Sai da muka matso na ga hancinsa ya tasar mana sama kamar bakin gatari, da lamba 412 rubuce da farin fenti. An girke shi a bakin gaɓa, ba ya motsi, ba zai kuma sake motsi ba. Tsawonsa mita 92 da 'yan kai, faɗinsa mita 11, wato bai kai filin ƙwallo tsawo ba, ga shi siriri kamar kifi. Na faɗa wa Alhaji cewa na zaci jirgin yaƙi ya fi haka girma. Ya ce, "Malam, kai da ko kwale-kwalen Tiga ba ka taɓa hawa ba, kai ne za ka raina jirgi?"

Muka hau matakala. Kuskuren farko da na yi shi ne dafa ƙarfen gefe da tafin hannu. Rana ta gasa shi, na janye ba shiri. Alhaji ya nemi inuwa gindin wata igwa ya zauna yana fifita da hula. Ni kuwa ido na sana'a ya motsa. Wanda ya shekara ashirin yana juya tsohon ƙarfe ba ya kallon abu kamar sauran mutane. Na durƙusa ina bin layin walda da yatsa. Akwai tsohuwar walda, mai kauri, wadda aka ja da sauri ba a tsaya yi mata kwalliya ba. Akwai faci da aka ɗora daga baya, hannu daban, waya daban. Inda fenti ya ɓare sai ka ga wani a ƙarƙashinsa, da wani a ƙarƙashin wancan, kamar bangon gidan haya da ya ga masu haya iri-iri. Tun ban san komai game da jirgin ba na ce wa Alhaji, wannan ya ci gida ya fi biyu.

Direba ya iso da ledarsa, ya karanta mana abin da aka rubuta da harshensu, ni kuma na zauna kusa da Alhaji na buɗe waya. Minti ashirin ɗin nan sai da ya zama awa biyu.

Prasae suke kiran jirgin yanzu, amma ba shi ne sunansa na yanka ba. Gallup aka raɗa masa, sunan wani gari a jihar New Mexico ta Amurka, garin tudu mai ƙarancin ruwa wanda ya yi nesa da teku kamar yadda Kano ta yi. An kafa ƙashin bayansa a Los Angeles cikin Agustan 1943, a ma'aikatar Consolidated Steel, aka tura shi ruwa ranar 17 ga Satumba. Wata guda. Na sake duba waldar nan mai kauri, na gane dalilin saurin. A lokacin jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna ta nutsar da jiragen kaya a tekun Atlantika, Amurka tana neman 'yan rakiya ido rufe, ma'aikatun sojan ruwa kuma sun cika maƙil. Sai aka ɗauko zanen wani jirgin rakiya na Ingila, aka sauƙaƙa shi yadda masu ƙera jiragen kasuwa za su iya, aka buga guda 96 kusan kamar ana buga bulo. Ana kiransu ajin Tacoma. Shi wannan ya shiga aiki ranar 29 ga Fabrairun 1944, ranar da sai bayan shekara huɗu take zagayowa, kuma waɗanda suka fara tuƙa shi ma'aikatan tsaron gaɓar teku ne na Amurka, don su aka danƙa wa irin waɗannan jirage.

Abin da ya fi burge ni injinsa ne. Ba irin na zamani aka sa masa ba. Injin tururi ne mai fistin, guda biyu, tukunya biyu tana tafasa ruwa, tururin ya tura fistin na farko, ya wuce ya tura na biyu, ya wuce na uku kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ko a 1943 tsohon yayi ne, amma ƙananan ma'aikatu sun iya ƙera shi, kuma makanike mai hankali zai iya kwance shi ya ɗaure da sifana da guduma. Iyakar gudunsa wajen kilomita 37 a awa, abin da ɗan acaɓa zai raina. Makamansa igwa uku masu bakin inci 3, da ƙananan bindigogin harbo jirgin sama, da gangunan bam da ake mirginawa cikin ruwa ta baya. Akwai kuma wani makami a gaba da Turawa suka sa wa suna Bushiya, saboda bama-bamai 24 da ake jerawa tsaye kamar ƙayar bayanta, a watsa su gaba ɗaya kan jirgin da ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Mutum 190 ke kwana a cikin wannan siririn abu.

Na karanta wa Alhaji cewa sojojin da suka yi aiki a irinsu sun yi ta kukan zafi, don asalin zanen na tekun sanyi ne, ba a yi masa hanyar iska sosai ba. Ya daina fifita ya dube ni. "Kana nufin ciki ya fi nan?" Na ce ƙwarai, ranka ya daɗe, kuma ga tukunya biyu tana tafasa a ƙasa. Ya ce Allah ya jiƙan 'ya'yan mutane. Abin dariyar shi ne, jirgin da aka zana don ƙanƙara, aikinsa na farko sai aka tura shi Niu Gini, ƙasar da zafi da ruwan sama ba sa hutu. A 1944 ya yi rakiyar jiragen sojoji a can, ya yi luguden wuta a tsibirin Biak, ya kuma bi ayarin da ya nufi Leyte a Filifin.

A nan na ɗan yi shiru. Yayan mahaifina yana cikin mutanenmu da Ingila ta kwasa zuwa Bama a wannan yaƙin. Na taso na same shi tsoho, ba ya son maganar, sai dai in an yi ruwa mai yawa ya ce wannan ai yayyafi ne. Wato a shekarar da yake cikin dajin Bama yana fama da sojan Japan, wannan ƙarfen da nake zaune a kai yana can gabas yana harbin sojan Japan ɗin. Ita kuwa Tailan da ta ɗauke shi yau ta mai da shi abin alfahari, a lokacin tana ɓangaren Japan. Har shelar yaƙi ta yi wa Amurka da Ingila a Janairun 1942. Da wani ya gaya wa matuƙansa na farko inda zai yi ritaya, da sun ce ya sha wani abu.

Gida na biyu shi ne wanda ban taɓa tsammani ba. A taron Yalta na Fabrairun 1945 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, ya yi alkawarin shiga yaƙi da Japan bayan an gama da Jamus, amma yana bukatar jirage. Matsalar ita ce akwai yarjejeniyar rashin faɗa tsakanin Tarayyar Sobiyat da Japan tun 1941, don haka dole a yi abin a ɓoye. Aka zaɓi wani lungu a Alaska mai suna Cold Bay, wurin hazo da iska inda ba mai leƙowa, aka sa wa shirin suna Hula. Cikin 'yan watanni Amurkawa suka koya wa sojan ruwan Sobiyat kimanin 12,000 aiki, suka miƙa musu jirage 149, ciki har da 28 irin wannan. Ina ta ƙoƙarin hango yadda aka yi: makanike Ba'amurke da makanike Barashe a ɗakin inji, ba mai jin yaren wani, ana nuni da yatsa, wannan famfon buɗe shi, wancan in ka taɓa mun mutu. Na san irin wannan koyarwa, don da ita nake ciniki a Siang Kong, da yatsa da kalkuleta.

Ranar 26 ga Agustan 1945 aka sauke tutar Amurka daga kan Gallup aka ɗaga ja. Japan ta riga ta sanar da saranda kwana goma sha ɗaya kafin nan, wato an kawo ɗan rakiya bayan amarya ta tare. Rashawa ko suna ba su ba shi ba, lamba suka manna masa, EK-22, haruffan kuma ma'anarsu jirgin rakiya. Ya yi shekara huɗu yana sintiri a gabashin ƙasarsu. Aro ne dai, kuma kowa ya san halin aro idan zumunci ya lalace. Amurka ta ce a dawo mata da kayanta, Mosko ta yi ta jan ƙafa, sai a 1949 aka mayar da 27 daga cikin 28 ɗin, ɗaya ya riga ya lalace bayan ya yi karo da gaɓa. Shi wannan an miƙa shi a Yokosuka ta Japan ranar 14 ga Nuwamba, aka ɗaure shi a tasha aka manta da shi.

Alhaji, wanda na ɗauka gyangyaɗi yake yi, ya ce, "Da ni ne, daga nan sai 'yan gwangwan." Na ce da haka za a yi, ba don Koriya ba. Yaƙi ya ɓarke ranar 25 ga Yunin 1950, Amurka ta waiga ta ga ba ta da isassun ƙananan jirage a kusa, sai ga waɗannan suna tsatsa a bakin ƙofa. Aka kankare shi, aka mayar masa da sunansa, ya koma aiki ranar 18 ga Oktoba. Wa zai harba? Koriya ta Arewa, wadda Sobiyat ke ba makamai. Igwar da Rashawa suka shekara huɗu suna shafa wa mai, ita aka juya kan abokinsu. Ya yi sintiri da rakiya, ya shiga cikin jiragen da suka yi wa tashar Wonsan ta Koriya ta Arewa ƙawanya.

Yadda ya zo hannun Tailan kuwa, sai da direba ya sa baki, don wannan ɓangaren ne ya sani tun yana makaranta. Tailan tana cikin ƙasashen farko da suka tura sojoji Koriya ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, na ƙasa da na ruwa. Cikin jiragen da ta tura akwai wani ƙarami mai suna Prasae, shi ma gwanjo ne, Ingila ta ƙera, sojan ruwan Indiya suka yi aiki da shi kafin a sayar wa Tailan. Ranar 7 ga Janairun 1951, cikin guguwar dusar ƙanƙara, ya hau kan yashi a gaɓar gabashin Koriya, a yankin da ke hannun abokan gaba. Ka tuna mutanen nan ne da ƙasarsu ba ta san irin wannan sanyi ba. An yi kwanaki ana ƙoƙarin janyo shi abu ya faskara, aka kwashe mutanen, sannan jiragen ɓangarensu suka buɗe masa wuta don kada ya faɗa hannun maƙiyi. Direba yana faɗa yana nuna ƙirjinsa. Don cike wannan giɓi ne Amurka ta ba Tailan jirage biyu a Yokosuka ranar 29 ga Oktoban 1951. Glendale ya zama Tachin, Gallup kuma ya gaji sunan mamacin, ya zama Prasae. Ba su wuce gida ba, suka koma bakin daga da sababbin matuƙa, har bayan tsagaita wutar 1953.

Na yi lissafi a bayan rasiɗin masauki. Amurka da ta ƙera shi, in ka haɗa zuwansa biyu, ba ta more shi shekara uku ba. Sobiyat huɗu da 'yan watanni. Tailan kuwa daga 1951 har zuwa 2000 da aka sallame shi, kusan shekara 49. Jirgin da aka yi cikin gaggawa don yaƙi ɗaya, mai injin da ya tsufa tun ranar haihuwa, wanda ba ya son zafi, shi ne ya yi rabin ƙarni a ɗaya daga cikin tekuna mafi zafi. Ina ganin sirrin yana cikin wannan injin da aka raina. Abin da ba shi da wuyar sha'ani, talaka yana iya riƙe shi. Kullum ina faɗa wa masu zuwa rumfata suna neman mota mai kwamfuta goma a ciki: ranar da ta tsaya maka tsakanin Birnin Gwari da Tegina, wa zai buɗe ta? Amma sauƙin inji kaɗai ba ya kai ƙarfe shekara 49 a ruwan gishiri. Sai an samu masu kankare tsatsa kowace safiya, sajan bayan sajan, waɗanda ba a rubuta sunansu a allo. Facin da na gani ɗazu aikinsu ne.

Mu ma ai mun karɓi irin wannan kyauta. NNS Thunder da sojan ruwanmu suka karɓa a 2011 tsohon jirgin masu tsaron gaɓar Amurka ne, an ƙera shi tun shekarun 1960. Na faɗa wa Alhaji, ya ce shi bai ga laifin gwanjo ba, motarsa ta farko 'yar Kwatano ce kuma ta kai 'ya'yansa huɗu makaranta. Laifin, in ji shi, na wanda ya karɓi gwanjo ne ya riƙe shi riƙon sabo.

Sai dai in faɗi gaskiya, yanzu da ya bar hannun sojoji ya zama abin kallo, tsufa ya fara cin ƙarfinsa. Iskar teku ba ta da tausayi. A wasu kusurwoyi tsatsa ta kumbura fentin kamar ƙurji, in ka danna da babban yatsa sai ya farfashe. Yara 'yan makaranta suna ta hawa kujerar igwa ana ɗaukarsu hoto, wani yana murɗa abin juyawa da iya ƙarfinsa, malamarsu tana yi musu tsawa. Ban ji haushinsu ba. Na dai tsaya a can ƙarshen hanci, inda wani ya rataya furanni, na dubi bakin kogin da kwale-kwalen masunta ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da injin mota ɗaure a bayansa da doguwar sanda mai farfela. Na gane sautin wani daga ciki. Irinsa guda shida ne ke jirana a Bankok.

Muka sauka muka yi alwala da ruwan gora, muka haɗa Azahar da La'asar a inuwar jirgin, direba ya tsaya nesa kaɗan yana tsare mana takalma ba tare da an roƙe shi ba. Kusa da wurin akwai wata doguwar gadar katako da ta ratsa dajin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, suna kiran wurin Thung Prong Thong, saboda ganyen yakan yi ruwan zinariya in rana ta doke shi. Na so in shiga. Alhaji ya nuna mini agogo, ya nuna mini gwiwarsa, magana ta ƙare.

A mota ya sa direba ya tsaya ya sayi mangwastin kilo biyu, yana ɓarewa yana miƙo mini. Can sai ya ce, "Malam, tsakani da Allah, da za a ce ka saye shi a kilo, nawa za ka taya?" Na ce tan dubu da ɗari huɗu ne fa, Alhaji, kuɗin yanka shi kaɗai sai ya cinye rumfata. Ya ce ai ya ga lokacin da nake ƙwanƙwasa bangon da makulli ina kasa kunne. Na duba tafin hannuna, har yanzu akwai jan tsatsa a jikinsa, ga wani a gwiwar farar shaddata. Wayata ta yi ƙara daidai mun shiga Chanthaburi. Mai lodi ne, wai in yi haƙuri, sai Litinin.